Ta'aziyyar da Baba ya kai Tirmini

Duk ƙarshen shekara, idan aka yi hutun lakwal, wato makarantar boko, nakan ɗauki sabon kaye, littafin rubutu, in rubuta abubuwan da nake so in yi a shekara mai zuwa. Ni malamin lakwal ne a Damagaram, kuma na saba da cewa abin da ba a rubuta ba mantuwa yake yi. A shekarar da nake ba da labari, abu uku na rubuta: in je Kwatano in ga teku da idona, in daina shan shayi mai sukari da yawa, in gama ɗakin da na fara ginawa a bayan gida.

Da hantsi ne, ina zaune a zauren gidanmu cikin Birni. Mahaifina yana gefe a kan buzunsa. Baduku ne, ya yi shekaru yana ɗinka jaka da takalmi, amma ido ya yi rauni har ya ajiye basilla. Ya ji ƙarar takarda, ya tambaye ni me nake rubutawa. Na karanta masa.

Ya ce, "Akwai sauran wuri a takardar?"

Na ce, "Akwai, Baba."

"To rubuta ka kai ni Tirmini."

Na yi dariya, don Tirmini ba ta kai a kira ta tafiya ba. A kan moto, wato babur, kafin mutum ya gaji da zama ya isa. Na ce ko gobe yake so sai mu je. Ya ce a'a, in dai rubuta.

Sai da ya kwana biyu kafin ya gaya mini dalili. Yana da aboki a can, manomi, wanda tun suna samari yake kawo masa fatu ranar kasuwa, ya sauka a gidanmu. Da mahaifiyar abokin ta rasu, Baba yana tsakiyar wani aiki na gaggawa, ya ce idan ya gama zai je ta'aziyya. Aiki ya ƙare, sati ya wuce, wata ya wuce. Kullum sai ya ga ya makara fiye da jiya. Shi ma abokin bai sake takowa gidanmu ba. Haka aka yi shekara goma sha tara.

"Ba faɗa muka yi ba," in ji Baba. "Kunya ce kawai ta yi mini katanga."

Sau biyu muna sa rana yana fasawa. Ranar farko ya ce ƙafarsa, ta biyu ya ce rigarsa ba ta bushe ba. Rana ta uku ban tambaye shi ba, na fito da moto ƙofar gida, na ce na sha mai, na sayi goro. Ya hau bayana ya riƙe ni da hannu biyu har muka isa.

Mun tarar da tsohon abokin nasa a inuwar bedi, wato dogon yaro, a ƙofar gidansa yana ɓarar gyaɗa. Baba ya yi sallama. Tsohon bai ɗaga kai da sauri ba, ya dai tsayar da hannunsa.

Ya ce, "Wannan muryar baduku ce."

Baba ya durƙusa a bakin tabarma ya ce, "Ni ne. Ta'aziyyar Inna na kawo. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta."

"Amin. Ai gaisuwar mutuwa ba ta tsufa. Zauna mu yi mata fatiha."

Muka ɗaga hannu mu uku. Da aka shafa, tsohon ya ce shi ma yana da laifi, don ya ji labarin ciwon idon Baba, ya yi niyyar zuwa, sai ya tsaya jiran a fara zuwa masa. Daga nan ba su ƙara tada maganar ba. Matarsa ta kawo fura da nono, suka shiga lissafin waɗanda suka mutu da waɗanda suka rage.

Kwatano ban je ba a shekarar, sukari kuma na rage na wata ɗaya na koma. Ɗakin dai na yi masa rufi. Amma Tirmini mun je ta fi sau goma, kusan kowace Asabar ta farkon wata, kuma ina gode wa Allah da ya sa ni ne mai tuƙin.

Da kaka ta yi, tsohon ya biyo motar kasuwa ya zo da kansa, da buhun gero da ƙullin gyaɗa. Ya kwana uku a zaurenmu. Ya kawo wani tsohon takalmi da ya tsinke, ya ce Baba ne ya ɗinka shi, don haka shi zai gyara. Baba ya sa na zura masa zare, ya laluba da yatsa ya ɗinke shi tsaf. Sai da ya ɗauki yini guda, suna hira.