Baƙo Iri Biyu

A shekarar da Gana ta sami 'yancin kai na dawo Tamale daga karatu a kudu, aka ɗauke ni tafinta a kotu. Tsorona ɗaya ne, kada in juya magana ba daidai ba, a zalunci wani da bakina.

Shari'ar da ba na mantawa ta wani dattijo ce, masaƙi a Moshi Zongo, wanda ya zo daga ƙasar Mosi tun kafin a haife ni. Wata safiya yana wadari, ya miƙe zarensa a gefen titi, sai wani ɗan gari ya zo da adda ya datse zaren, ya kuma karya masa hannun dama da ƙotar addar. Shaidu sun ji shi yana cewa da Hausar kasuwa, "Baƙo, ƙasa ya zama namu, tafi gida!" Bayan haka, in ban manta ba, masaƙan unguwar sun yi makonni ba wanda ya fito da zare waje.

Lauyan mai addar ya ce rigimar hanya ce kawai, zaren ne ya tare masa wucewa. Ya juyo gare ni da murmushi. "Ai baƙo ya kira shi. Kalmar girmamawa ce. Ko ba haka ba, tafinta?"

Majistare ya zuba mini ido. Turanci ya raba abin biyu: akwai kalmar wanda ka shimfiɗa wa tabarma, akwai ta wanda ba ka so a ƙasarka. In na zaɓi ta farko, wataƙila tara za a ci mutumin ya koma gida, masaƙa kuma su ci gaba da ɓuya. Ban yarda da kaina ba, sai na nemi izini in tambayi mai hannun.

"Baba, da ya ce maka baƙo, me ka ji?"

Ya ɗaga hannunsa mai ɗauri. "Ɗana, tun ina saurayi ake ce mini baƙo a garin nan, a ba ni ruwa. Ran nan adda aka ba ni."

Na juya maganarsa kalma da kalma, na zaɓi ta biyu, ta wanda ba a so. Majistare ya ce wannan ba rigimar hanya ba ce, an doki mutum ne saboda asalinsa. Ya yanke hukuncin ɗauri.

Daga baya sarkin zango da dattawan gari suka zauna, suka ce duk wanda aka ji da irin wannan magana a kai shi gabansu tun bai ɗauki adda ba. Ba zan ce ƙiyayya ta ƙare ba, ban sani ba. Amma ranar da hannun dattijon ya warke na bi ta Moshi Zongo, na tarar da zare a miƙe har kwanar masallaci, 'yan gari biyu na kafa masa turaku. Ya hango ni ya ɗaga murya, "Tafinta, tsallaka a hankali, kar ka taka mini zare!"