Takardar Malam Isa

Akwai ranar da ba na mantawa da ita a aikin nan, ranar da Malam Isa ya ba ni takardarsa in kai ma'aikatar ilimi a Gusau. Na koyar a Tsafe, na koyar a Kwatarkwashi, na ga firinsifal iri-iri, amma wannan a wata sakandare ta yankin Bungudu aka yi shi.

Ga wanda bai san aikin ba, akwai littafin da malamai ke sa hannu da safe. Ƙarfe takwas na yi sai a ja jan layi, duk wanda sunansa ya faɗo ƙasa ya makara. Tsohon firinsifal ɗinmu kuwa, in ka ga yadda yake ɗora rula, sai ka ce a kan layin nan ya yi digiri.

Malam Isa shi kaɗai ne malamin lissafinmu, daga Nahuce yake zuwa. Da damina sai ya leƙa gona tukuna, don haka kullum yana ƙasan layi. Takardar tuhuma uku ya sha. Ya gaji, ya rubuta neman canjin makaranta.

Ana cikin haka aka kawo mana sabuwar firinsifal, Hajiya Rabi. Da yake ni ne mai ƙafar yawo, ni Malam Isa ya ba takardar, na shiga da ita a sa hannu. Ta karanta, ta tambayi mai tsara jadawali. Na ce ga ni.

"Malam Bello, wa ya ce lissafi sai da safe?"

Na ce haka muka tarar, wai lokacin ƙwaƙwalwar yara na da sanyi.

"To, ƙwaƙwalwa da sanyi, aji ba malami, me ta koya?"

Nan take ta sa na mayar da lissafi bayan hutun tara har a gama girbi, ta ce layin Malam Isa ƙarfe goma ne, amma ko minti kada ya ƙara. Takardar ma ta sa mata hannu, ta ce ba ta riƙe kowa dole.

Ina tasha zan kai takardar, na samu kujerar gaba, sai ga Malam Isa a kan babur, wando duk laka. Ko sallama bai yi ba, ya ce in ba shi abarsa. Na ce ai Gusau na jira. Ya fizge.

Har yau yana makarantar. Ku da za ku zama firinsifal gobe, rula ba ta da laifi. Amma kafin ku ja layi, ku tambayi mutum inda ya fito.