Ukun da Qiu Defu Ya Ba Kansa

Shekara ashirin da biyu Qiu Defu ya yi a wata masana'antar takalma a Dongguan ta ƙasar Sin, ni kuma keken ɗinkina na kusa da nasa. Da kunne yake gane allurar da za ta karye. In rigima ta tashi a layinmu, sai ya zuba wa masu faɗan shayi daga gorarsa, ya zauna tsakaninsu har su huce.

Da shugaban sashenmu ya yi ritaya, kamfani ya ce sai an yi gwajin hali kafin a naɗa wani. Manajanmu Mo Jianping ne, wanda Qiu ya koya wa riƙe almakashi.

"Yaya Qiu, takarda ce kawai," in ji Mo. "Kujera taka ce. Cika yadda ka ga dama."

Tambaya ɗari da ashirin, kowacce ka ba kanka maki daga ɗaya zuwa biyar. Har da wai, "Na fi abokan aikina iya shugabanci." Qiu kuwa, in ka yabi taliyar da ya dafa, sai ya ce gishiri ya yi yawa. Ya bi su duka da uku.

Na ce, "Kai tsoho, wa ya hana ka biyar?"

Ya yi dariya. "In yabi kaina da hannuna? Ai Mo ya san ni."

Lallai ya san shi. Sai daga baya sakatariya ta gaya mini Mo ya zaunar da ƙanin matarsa, ya nuna masa inda ake son biyar. Ƙanin nan aka naɗa.

Qiu ya je ofis. Ko kujera Mo bai nuna masa ba. Ya ce, "Yaya, ba ni ba ne, kwamfuta ce."

Qiu bai ƙara tayar da zancen ba, amma ya daina zuwa da gorar shayi. Bayan shekara biyu ciwon zuciya ya ɗauke mini shi. A aljihun rigar aikinsa na tsinci sakamakon, ya tsufa saboda ninki: "Bai yarda da kansa ba."

Ranar share kaburbura, da muke ziyartar mamatanmu kowace shekara, na roƙi sakatariya sabuwar takardar gwajin. Na rubuta sunansa, na bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya da biyar, na ƙona ta a kan kabarinsa tare da sauran takardun da muke aika wa mamatanmu.

Na san in ta isa gare shi, faɗa zai yi mini.