Hoton Inna da Batir Huɗu

Tafiyar nan ta ba ni wuya, ba zan ɓoye maku ba. Kwana uku na yi, har yau ƙuguna bai koma daidai ba. Masu tambayata wace kyamara na ɗauka, ga yadda aka yi.

Mahaifiyarmu, Iya, ta rasu ba ta bar hoto ko ɗaya ba. Ƙanwarta ce ta rage, Inna, a wani ƙauye gaba da Mashi, kuma duk wanda ya san su ya ce fuskarsu ɗaya. Aka aiko cewa jikinta ya yi rauni. Na ce bari in je in gaishe ta, in ɗauko hotonta tun da sauran hali. Wayata 'yar ƙarama ce mai maɓalli, hotonta kamar an ɗauka cikin hayaƙi. Garin kuma ba wuta, mai caji sai ka yi tattaki zuwa kasuwa.

Na je Ƙofar Ƙaura wurin wani mai saida kyamarori na hannu. Ya fito da biyu. Ɗaya siririya, batirinta na cikinta.

"Malam, wannan ita ce ta zamani, aljihun gaba ma za ta shiga."

"In ta mutu fa?"

"Sai ka jona."

"A jikin kuka zan jona?"

Ya yi dariya ya miƙo ɗayar, mai kumburi a gefe, tana cin batir biyu irin na rimot. Ita na ɗauka, don na san ba ƙauyen da ba a saida batir. Ya ce in sayi masu ƙarfi guda takwas tun daga nan, in kashe fitilarta, kada kuma in riƙa buɗe hoto ina kallo. Na sayi huɗu. Na ɗauka ciniki yake nema.

Mun tashi da asuba daga Ƙofar Sauri, ni da ƙanena. Kwalta ce har Mashi, sai tsayawa wurin jami'an tsaro, a leƙo, a ce ku wuce. A Mashi muka sha koko da ƙosai, ƙosan ya ƙanƙance kamar ƙwallon goriba da aka gwaguye. Daga nan babur, mu biyu bayan mutum ɗaya, cikin yashi. An gama yankan gero, dammuna jibge a gonaki. Sau biyu muka sauka muka tura.

Mun isa kafin azahar. Inna na zaune kan tabarma, ta rame, amma bakin na nan. Da muka gama gaisawa na fito da kyamara. Ta ɗaga hannu.

"Lawal, haka za ka kai ni birni, kamar wadda aka tono? Sai na yi lalle, an yi mani kitso."

Mai kitson ta tafi biki, sai jibi.

A nan na yi wautar. Mun je gaida mai gari, ya ga abu a hannuna, ya gyara rawani. Ba a ɗauki mai gari a bar liman ba. Ba a ɗauki liman a bar dattawan da ke gefenshi ba, kuma kowa da girmanshi, sai an bi a jere. Ɗaukar ma da sauƙi. Kowa sai ya ga kanshi, ya kira maƙwabcinshi ya gani, a yi ta miƙa ta hannu zuwa hannu. Wani tsoho ya daɗe yana duban nashi, ya ce wannan ai babanshi ne. Na kasa amshewa. Batir biyun farko suka ƙare ranar. Washegari mata suka aiko daga cikin gidaje, har da mai son a ɗauki ragonta. Tuwon gero da miyar kuka dai mun ci, da fura mai kyau, ba a bar mu da yunwa ba.

Rana ta uku da hantsi Inna ta fito. Zane mai ruwan bula, kwalli, lalle har wuyan hannu. Aka zaunar da ita kan kujera jikin rumbu. Na danna. Idon kyamarar ya fito rabi, ya koma, ta yi duhu.

Ƙanena ya ruga wurin mai tebur ya sayo batir. Marasa nauyi ne, na rediyo da tocila. Muka saka sabbi fil, ko motsi ba ta yi ba. Muka canza wasu, haka. Inna na zaune tana jira, numfashinta na fita da ƙyar, mai babur kuma ya ce shi ba ya bin hanyar nan bayan la'asar.

Wani dattijo ya ce a shanya tsofaffin a rana, haka suke yi wa na rediyo. Ban yarda ba, amma ba ni da wata dabara. Na jera su huɗu kan murfin kwano, muka zauna muna kallonsu kamar masu gadin shanya. Da suka yi ɗumi na zaɓi biyu na saka. Ta kawo. Daidai lokacin akuya ta sa baki cikin ƙwaryar gero, Inna ta juya ta ɗaga yatsa za ta yi faɗa, ni kuma na riga na danna. Kyamarar ta sake mutuwa, ba ta ƙara tashi ba. Ban ma ga abin da na ɗauka ba.

Muka yi sallama, ta sa mana albarka. Mun shigo Katsina ana kiran magariba.

Abin da na koya ba yawa. In za ka inda ba wuta, ɗauki mai cin batir, amma ka sayi masu ƙarfi a birni, ka ninka abin da kake zato. Kuma ka bar ta cikin jaka har sai ka ɗauki abin da ya kai ka.

Da gari ya waye na kai wurin masu wanke hoto. Na mai gari sun fi goma. Na Inna ɗaya ne, ta karkace, yatsa a sama, baki a buɗe. Na sa aka wanke, na wuce Ƙofar Durɓi gidan yayarmu. Na miƙa mata. Ta kai shi bakin ƙofa wurin haske, ta daɗe tsaye.

"Lawal, ina ka samo hoton Iya?"

Na zauna kan tabarma, na bar ta ta gama kallo tukuna.