Tete Ruvarashe Ta Hana A Fasa Dutse

Tete Ruvarashe ƙanwar babana ce (Tete na nufin gwaggo a yarenmu), ita kaɗai ce mace a cikin masu zanen gini na ƙaramar hukumar garinmu, kudu da Masvingo. Shekara da shekaru ba abin da ake ba ta sai zanen banɗakin kasuwa da rumfunan haya. Ba ta raina ba, amma bakinta bai taɓa mutuwa ba.

Da aka ce za a gina filin ƙwallo, sai ta zana shi a kwarin manyan duwatsun bayan gari. 'Yan kallo su zauna a jikin dutse, a zagaye wurin da katangar duwatsu jere ba siminti, irin ginin kakanninmu.

Shugaban hukumar, Baba Chidzonga, wanda muke kira VaChidzonga don girmamawa, ya duba zanen ya kwashe da dariya, ya kira ta da sunan mahaifinta.

"Ke 'yar Gwatidzo, fili na ce ki zana, ba garken shanu ba. A fasa duwatsun nan, a yi mana na gilashi irin na ƙasashen waje."

"Baba, gilashi a zafin Oktoba? Mutane za ku gasa ko masara?"

A ranar aka karɓe aikin daga hannunta.

Da masu nakiya suka iso, sai suka tarar da ita a kan dutsen da ya fi girma, ta shimfiɗa zane, ga tukunyar sadza, tuwonmu na masara, da ganye a gefe. Ɗan kwangila ya ɗaga kai ya kira ta Amai, wato uwa a yarenmu, ya ce, "Ki sauko mana, aiki za mu yi."

"Ku yi abinku, ɗana. Ni dai ban gama cin abinci ba."

Kafin rana ta take, matan kasuwa sun rufe rumfuna sun hau. 'Yan ƙwallon garinmu suka biyo su da ganguna. 'Yan sanda suka zo, babbansu ya hango surukarsa a sama tana waƙa, ya koma mota ya zauna. Haka aka yi ta yi kullum, ga zaɓe ya matso, har VaChidzonga ya sauko daga dokin naƙi. Aka gina filin yadda ta zana, sai dai ya dage aka liƙa masa rumfar gilashi ta manyan baƙi. Ita kuma aka yi mata ritayar dole, allon buɗe fili ma babu sunanta.

Na ce, "Tete, mu kai ƙara."

"Ƙarar me? Su riƙe allonsu."

Yanzu ta tsufa, gwiwa ta ƙi, amma ba wasan da yake wuce ta. Tana zama a sahun ƙasa tare da matan kasuwa, tana surfa wa alƙalin wasa masifa. Idan rana ta ƙwalle, VaChidzonga da manyan baƙi suka fara fifita da hula a cikin gilashinsu, sai ta juya ta ɗaga murya: "Baba Chidzonga, kun nuna ko a ƙara wuta?"