Zoben Ƙaho a Wuyan Wuƙar Mama

Warin ƙaho a wuta ba abin so ba ne, amma ni in na ji shi wajen masu babbaka sai na tsaya. Warin maƙerar kakana ke nan, a ƙauyenmu kusa da Kafanchan.

Mu mutanen citta ne. In an haƙe ta bayan damina, mata su zauna su yi ta tsaga ta biyu, ana shanyawa a kan dutse. Wanda bai taɓa aikin ba zai ce kaifi ne wuƙa. Ƙarya ne. Wuya ne, wato zoben da ke ɗaure ƙota daidai inda ƙarfe ya shige ta. A nan yatsa ke wuni. Kaka yakan sa wa mafarauta zoben tagulla daga tarkacen jirgin ƙasa, su tafi suna ƙyalli. Wuƙar citta kuwa sai ƙaho. Ya ce ruwan citta na sa baƙin ƙarfe tsatsa, tagulla ta yi kore, zoben icen gora kuma ya saki. Ƙaho ne kaɗai ke zama lafiya da hannu.

Wata tsohuwar Bafulatana a rugar hayin rafi ce ke tara masa ƙahon, shi kuma yana gyara musu adduna.

Sai shekarar da rikici ya ɓarke, gari ya kama da wuta. Ba a taɓa kowa a ƙauyenmu ba, amma daga nan ba mai haye rafi, su ma suka daina kawo nono. Da citta ta zo, wuyan wuƙar Mama ya tsage. Kaka ba shi da ƙaho, ya yanko bututun ƙarfe ya sa mata, yana yi yana tsaki. Ƙarfen ya ci yatsanta, citta ta shiga ciwon, hannu ya kumbura. Ga tulin citta a tsakar gida tana neman ruɓewa, kuma ita ce abincinmu na shekara.

Mama ta ce za ta je rugar. Baba ya ce, "Mutane za su yi magana."

"Su zo su tsaga mini citta suna maganar," in ji ta.

Da rana tsaka muka fita, ina bayanta. Ba ta bi ta bayan gari ba. Ta gaban majami'a ta bi, matan zumunta na shara, ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya.

Tsohuwar na zaune tana kaɗa nono. Ta dube mu ta daɗe.

"Sai yau, surukar maƙera?"

"Ƙaho na zo nema, Inna."

"Ƙaho ma sai an gaisa. Zauna."

Ta shiga bukka ta jawo kwando cike. Ashe ba ta daina tarawa ba. Ta kama yatsan Mama ta shafa masa man shanu tana faɗa, wai maƙeri guda ya bar surukarsa da bututu. Sannan ta yi ta ƙwanƙwasa ƙahonin, ta ture farare, ta miƙo wani baƙi na tsohuwar saniya. "Wannan ta sha wuya kamar mu. Ba zai tsage ba."

Da muka dawo, Kaka ya karɓi ƙahon. Ya yanke tsinin, ya huda, ya gasa shi har ya yi laushi, ya danna shi a wuyan ƙota. Da ya huce ya kama gam. Mama ta naɗe yatsa da tsumma ta zauna. Cittarmu ta bushe fes. Kafin Kirsimeti mata uku sun roƙe ta ta raka su hayi.

Yanzu wuƙar roba ake saye a kasuwa, ta karye a yar, ba wanda ke bukatar saniyar wani. Rugar ma ta tashi tuntuni. In ana labarin sulhu, sai a yi ta ambaton maza masu manyan riguna da suka zauna a kujeru. Ban musa ba, sun zauna. Amma a ƙauyenmu, wadda ta fara haye rafin nan uwata ce, kuma ba wanda ya aike ta.