Birkin da Ke Nutsewa a Hankali

Sakiusa taubashina ne, saboda haka ina da ikon faɗin aibinsa: bai iya gaisuwa ba, bai iya dariya ba, kuma in ya shiga ƙarƙashin mota ko gobara ta tashi ba zai fito ba. Shekara talatin yana gyara a gindin mangwaron gidansa a garinmu Savusavu, taku kaɗan daga teku. Duk akori-kurar da ke kawo mana gwaza da rogo kasuwa ta bi ta hannunsa.

Dā yana dariya. Dariyar ta ɗauke ne shekara tara da suka wuce, lokacin da ƙanensa Peniasi ya faɗa kwazazzabo da motarsa a gangaren hanyar garin Labasa ya rasu, kwana huɗu bayan Sakiusa ya sa masa sababbin takalman birki. Da aka jawo motar, masu bincike suka taka birki da ƙarfi, suka ji shi tauri kamar dutse, babu ɗigon mai ko ɗaya a ƙasa. Aka wanke Sakiusa. Amma in birki lafiya yake, me ya hana Peniasi takawa? Ba wanda ya faɗa a fili cewa kansa ya kashe, sai dai a coci mutane sun riƙa kallon Vilimaina, matar Peniasi, ta gefen ido. Ni kaina na yi mata wannan kallon, Allah ya yafe mini.

Bara na kai masa tsohuwar motata, ya canza mini takalman gaba. Da ya gama sai ya ce in hau in yi ta taka feda har ƙasa, sai ta yi tauri, yadda yake sa kowa ya yi. Na taka, ta yi tauri, na tafi ina tsokanarsa cewa tsufa ya sa ya fara aiki da kyau.

Kwana uku bayan nan ina tsaye a mahaɗar kasuwa, ƙafata a kan birki, sai na ji fedar tana tafiya ƙasa a hankali, kamar wani ya sa hannu yana janta. Na ɗaga na sake takawa da ƙarfi, ta tsaya cak. Na koma masa ina masifa, na ce ko dai ya gyara ko in kira fasto.

Ya duba ƙafafun motar huɗu, babu yoyo. Ya gwada fitar da iska daga man birkin, bai sami komai ba. Ya shiga ya taka da ƙarfi, tauri. Sai ya ɗora ƙafarsa a hankali ya bar ta, yadda direba ke yi in yana sauka dogon gangare da kaya. Ina kallon gwiwarsa tana miƙewa kaɗan-kaɗan har ta miƙe sarai. Sai ya fito ya buɗe gaban motar.

Ya kwance famfon da ke tura man birki, ya buɗe shi a kan buhu. Can ƙarshen bututun, inda feda ba ta taɓa kaiwa a tuƙin yau da kullum, iskar teku ta tara tsatsa. Takawar nan har ƙasa ita ta tura robar da ke tare man cikin tsatsar, ta yage ta. Man ba ya zuba waje, ta cikin famfon yake komawa baya. In an taka da ƙarfi robar sai ta toshe, in an taka a hankali sai man ya zille. Ya nuna mini yagewar da farce, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba.

"Haka na sa Peni ya taka," in ji shi. "Har ƙasa. Ni na ce masa."

Tausayinsa ya kama ni, tsoro ma ya kama ni. Na ce masa ya rufe bakinsa, shekara takwas ta wuce, motar Peniasi ta zama ƙarfen bola, ba mai iya tabbatar da komai. Ya dube ni yadda bai taɓa ba, ya ce, "Litiana, ya taka. Tun daga saman gangaren yake takawa."

Washegari da hantsi ya ɗaura zanensa na coci irin na mazan garinmu, ya ɗauki damin saiwar tsiron yangona da ake kaiwa a al'adarmu in za a nemi gafara, na bi shi a ƙafa har gidan Vilimaina. Ya zauna a ƙasa bakin tabarma, kai a sunkuye, ya faɗi komai bai rage ba. Na zaci za ta yi ihu ko ta kore mu. Ta sa ya maimaita maganar gangaren sau biyu.

Sannan ta ce da safen ranar sun yi faɗa, ta ce wa Peniasi in ya tafi kada ya dawo. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

"Ashe gida yake zuwa," in ji ta, ta miƙa hannu ta karɓi damin.